TARIHIN PETRA KELLY, WADDA TA KAI ƘARAR ITATUWA MAJALISA

 Na san waɗansu za su yi mamaki su ga 'yar Fagam ta tsallake manyan mutanen ƙasarmu kaf, ta ɗauko tarihin wata Bajamushiya wadda ta mutu tun ba a haife mu ba. Ina roƙo a yi mini haƙuri in fara da dalili, domin ruwa ba ya tsami banza.

A gonarmu ta bayan gari akwai wata tsohuwar ɗorawa wadda kakana ma a tsaye ya tarar da ita. A gindinta muke cin abinci ran shuka da ran girbi, da kalwarta Inna take yin daddawa, garinta kuwa mu yara muke sha. Da na je gida hutun rani na bara, sai na iske kututture. Baba ya sayar da ita ga masu gawayi, da kuɗin kuwa aka biya mini kuɗin jarrabawa, aka saya mini littattafai. Ban ga laifinsa ba, ba ni ma da bakin da zan ga laifinsa, tun da ni na ci kuɗin. Amma abin ya tsaya mini a rai. Da muka komo makaranta, wata rana malaminmu na labarin ƙasa yana koya mana kwararowar hamada, sai na tambaye shi ko akwai wanda aikinsa ne ya yi magana a madadin itatuwa a wurin da ake yin doka. Ya rubuta sunan Petra Kelly a allo, ya ce in je in bincika, in kawo wa aji abin da na samo. To, ga abin da na samo.

An haife ta ran 29 ga Nuwamba, 1947, a wani ƙaramin gari mai suna Gunzburg a kudancin Jamus, watau shekara biyu bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin biranen Jamus kufai ne, ba a daɗe ba kuwa aka raba ƙasar biyu, ta Yamma tana tare da Amurka, ta Gabas tana tare da Rasha. Sunan da aka raɗa mata Petra Karin Lehmann. Tana ƙarama ubanta ya bar gida, uwarta ta shiga neman abin da za su ci, saboda haka kakarta ta wajen uwa ce ta yi yawancin renonta. Yarinya ce marar ƙoshin lafiya, ciwon ƙoda ya sha kwantar da ita a asibiti, amma akwai ta da ƙwazon karatu. A 1958 uwarta ta auri wani hafsan sojan Amurka, John Kelly, daga nan ta sami sunan da duniya ta san ta da shi. Ba da jimawa ba suka yi ƙaura zuwa Amurka.

Sun sauka a kudancin ƙasar ne, inda a lokacin ake nuna wa baƙar fata wariya a makaranta da mota da wurin cin abinci. Petra ta ga wannan da idonta. Ta kuma ga yadda Martin Luther King da mabiyansa suke yaƙi da zalunci ba tare da sun ɗauki ko tsinke ba, sai zanga-zanga da haƙuri da shiga kurkuku. Wannan hanya ta shige ta ƙwarai, ba ta kuwa sake ta ba har ƙarshen ranta. Ta shiga jami'a a birnin Washinton, ta karanta harkokin ƙasashen duniya. A 1968, tana ɗaliba, ta yi wa Robert Kennedy aikin yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa. A cikin shekarar nan guda aka harbe King a watan Afrilu, aka harbe Kennedy a watan Yuni.

Babban rashin da ya sāke mata rayuwa kuwa na cikin gida ne. Tana da ƙanwa wadda suke uwa ɗaya, sunanta Grace, wadda ciwon daji ya kama a ido. An yi mata aiki, an yi ta gasa wurin da hasken na'ura, amma a watan Fabrairu na 1970 ta mutu tana da shekara 10. Petra ta ga wahalar da yarinyar ta sha, sai ta fara tambayar abin da irin wannan haske yake yi wa jikin ɗan Adam, da abin da masana'antu da tashoshin nukiliya suke saki cikin iska da ruwa. A 1973 ta kafa wata ƙungiya da sunan ƙanwar tata, domin taimakon yara masu ciwon daji. Ashe ba daga littafi ta ɗauko zancen kare muhalli ba, daga bakin gadon asibiti ta ɗauko shi.

Bayan ta gama jami'a a 1970 ta komo Turai, ta ƙara karatu a Amsterdam ta ƙasar Holan, sa'an nan ta sami aiki a ofishin Tarayyar Kasuwancin Turai a Brussels. Aiki ne mai albashi mai tsoka, da ta so da ta yi zamanta har ta tsufa a kai. Amma abubuwa biyu da suke faruwa a ƙasarta suka hana ta sakat.

Na farko shi ne mutuwar dazuzzuka. Jamus ƙasa ce mai masana'antu da yawa, da kwal suke samun wutar lantarki, kwal kuwa yana da farar wuta a cikinsa. Idan hayaƙinsa ya tashi ya gamu da gajimare, sai ruwan sama ya sauko da tsami, ya ɓata ƙasa, ya ƙone ganye. Zuwa farkon shekarun 1980 Jamusawa suka fara ganin manyan itatuwansu suna kaɗewa suna bushewa a tsaye, ba gatari, ba gobara. Na biyu shi ne makaman ƙare-dangi. Rasha ta girke makamai masu linzami tana auna Yammacin Turai, a watan Disamba na 1979 kuma ƙungiyar tsaro ta NATO ta yanke shawarar girke nata, ciki har da manya guda 108 da za a kafa a Jamus ta Yamma. Duk mai hankali ya san in giwaye biyu suka yi faɗa, ciyawa ce za ta sha wuya, Jamus kuwa ita ce ciyawar.

Da farko Petra tana cikin jam'iyyar SPD mai mulki. Da ta ga shugaban gwamnati Helmut Schmidt yana goyon bayan tashoshin nukiliya da makaman, sai ta fita a 1979. A watan Janairu na 1980, a garin Karlsruhe, ita da waɗansu suka kafa sabuwar jam'iyya. Sunanta da Jamusanci Die Grünen, watau masu launin ɗanyen haki, ni kuwa zan riƙa kiransu 'Yan Tsanwa. Taron tsintsiya ne: akwai manoma, da ɗalibai, da malamai, da mata masu neman hakkinsu, da masu ƙin yaƙi. Manyan 'yan siyasa suka yi musu dariya, suna ganin tsiron farkon damina ne, rana ɗaya za ta ƙone shi. Petra ta zama ɗaya daga cikin shugabanninta na farko, ita ce kuma fuskar da aka fi sani, domin tana da baki, tana jin Ingilishi kamar Jamusanci, ba ta kuwa gajiya da tafiya. Ta kasance cikin waɗanda suka fito da wata takardar kuka a kan makaman a 1980, wadda daga baya mutum fiye da miliyan 4 suka sa wa hannu. A watan Oktoba na 1981 mutum wajen 300,000 suka yi gangami a Bonn, babban birnin Jamus ta Yamma a lokacin, birnin nan da iyayenmu suka saba jin sunansa a gidan rediyon Muryar Jamus.

Dokar zaɓen Jamus ta ce jam'iyya ba ta samun rabon kujeru sai ta sami kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u. A zaɓen 1980 'Yan Tsanwa ba su ko kusa ba. Amma a zaɓen 6 ga Maris, 1983, suka sami kashi 5.6, aka ba su kujera 27 a Majalisar Tarayya mai wakilai wajen 500. Petra tana cikinsu, shekararta 35. Ran da aka buɗe majalisa ba su zo cikin manyan motoci ba. Da ƙafa suka tako daga cikin gari tare da magoya bayansu, suna ɗauke da itacen da ruwa mai tsami ya kashe. Suka shiga zauren da kayan gida, ba kwat ba laƙataya, suka jera furanni a kan teburansu, wata daga cikinsu kuma ta miƙa wa sabon shugaban gwamnati, Helmut Kohl, busasshen reshe. Wannan wuri na labarin shi ya fi burge ni, domin amsar tambayar da na yi wa malaminmu ke nan. Itace ba ya da baki, ba ya da ƙuri'a, sai an sami wanda zai ɗauke shi ya kai shi gaban masu yin doka.

Kada a zaci daga nan sai nasara. Ran 22 ga Nuwamba, 1983, majalisar ta jefa ƙuri'a ta yarda a girke makaman, duk da miliyoyin da suka sa hannu. Abin da Petra ta fi ba ƙarfinta ke nan, aka kuwa kayar da ita. Duk da haka ba ta yi zuciya ba. Wani halinta da ya kamata a yaba shi ne ba ta da zaɓe wajen faɗin gaskiya. Abokan hamayyarta suna zarginta da yi wa Rasha aiki, sai ga shi a watan Mayu na 1983 ta tsallaka Barlin ta Gabas ta ɗaga ƙyallen neman zaman lafiya a tsakiyar dandali, 'yan sandan can suka kama ta. A watan Oktoba na shekarar ta zauna da shugaban Jamus ta Gabas, Erich Honecker, ta nemi ya saki masu neman zaman lafiya da ya ɗaure. A 1985 ita da abokanta suka yi zaman dirshan a ofishin jakadancin ƙasarsu a Pretoria, domin nuna ƙin cinikin da Jamus take yi da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. A 1989 ta shirya babban taro a Bonn a kan halin da mutanen Tibet suke ciki a hannun ƙasar Sin.

Amma fa mai tarihi ba ya ɓoye aibi. 'Yan Tsanwa sun kafa wata ƙa'ida, cewa kowane wakili zai yi shekara biyu ne ya sauka ya ba na bayansa, don kada kujera ta yi wa kowa daɗi. Da lokaci ya yi a 1985, Petra ta ƙi sauka, tana ganin ba hikima ba ne a cire mutum daidai lokacin da ya fara gane aikin. Ko tana da gaskiya ko ba ta da ita, wannan ya ɓata tsakaninta da 'yan jam'iyyarta, waɗanda dā ma suna ƙyashin sunan da ta yi. Har ila yau ita mutum ce mai son ɗaukar kowane kaya a kanta. Wasiƙu suna zuwa mata daga ko'ina cikin duniya, tana son ta amsa kowacce, ba ta barci sosai, ma'aikatanta suna gajiya suna barinta. Jam'iyyar kuma ta rabu, waɗansu suna son a haɗa kai da manyan jam'iyyu a shiga gwamnati, waɗansu suna ƙi, ita kuwa ba ta zauna daram a kowane ɓangare ba. An sāke zaɓenta a 1987, sa'ad da 'Yan Tsanwa suka sami kashi 8.3, amma tana cikin majalisa kamar baƙuwa a gidan da ta gina.

A zaɓen Disamba na 1990, na farko bayan haɗewar Jamus, 'Yan Tsanwa na Yamma suka kāsa kai kashi 5, suka rasa kujerunsu. A 1991 Petra ta nemi shugabancin jam'iyyar, ba a zaɓe ta ba. Ta koma gidanta a Bonn, jiki ba ƙarfi, tare da abokin zamanta Gert Bastian, wani tsohon janar wanda ya bar soja saboda ƙin makaman nan, ya kuma taɓa zama wakilin 'Yan Tsanwa. Binciken hukuma ya nuna ran 1 ga Oktoba, 1992, ya harbe ta tana barci, sa'an nan ya harbe kansa. Shekararta 44. Ba a ga gawarwakinsu ba sai ran 19 ga watan. Matar da dubban mutane suke yin tsit su saurare ta, ga shi ta yi kwana 18 a mace a cikin gida kafin a buɗe ƙofa. Ta yi rayuwarta tana ƙin makami, makami kuwa ya kashe ta a kan gadonta. An binne ta a garin Wurzburg.

To, shin asara ta yi? Da na kai nan a karatuna na zaci haka, sai na duba abin da ya biyo baya. Tun a 1983, da gwamnatin Kohl ta ga ƙuri'u suna zurarewa wajen 'Yan Tsanwa, mutane kuma suna kukan dazuzzuka, ta kafa dokar da ta tilasta wa manyan tashoshin wuta tace hayaƙinsu. A watan Afrilu na 1986 tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a Tarayyar Sobiyat, iska ta kwaso gubar har Jamus, mutane suka tuna da gargaɗin da aka yi musu, a watan Yuni aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. A watan Disamba na 1987 Amurka da Rasha suka sa hannu a kan yarjejeniyar kawar da irin makaman nan, aka kwashe su. A 1998, shekara 6 bayan mutuwarta, jam'iyyar da aka yi wa dariya ta shiga gwamnati. A watan Afrilu na 2023 aka rufe tashoshin nukiliya uku na ƙarshe a Jamus. Ba ita kaɗai ta yi waɗannan ba, waɗansu ma abokan hamayyarta ne suka aikata su. Aikinta shi ne ta shigar da maganar cikin zaure, ta hana a fitar da ita.

Yanzu bari in komo gida. Mu ma muna da dokoki da hukumomi. Bayan da aka gano dattin masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli, a 1999 kuma aka yi ma'aikata sukutum. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa shingen itatuwa daga yammacin nahiyar zuwa gabas, Jigawa kuwa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. Duk da haka kowa a Gwaram da Birnin Kudu yana ganin buhunan gawayi jere a bakin titi, yana ganin motocin itace sun nufi birni. Mu 'yan mata mun fi kowa sani, domin itacen da yayyenmu suke samowa a bayan gida, mu sai mun yi tafiya mai nisa. Inda aka sare itatuwa kuwa iska tana kwashe ƙasa da rani, ruwa yana zaizaye ta da damina, ba mu kuwa manta da ambaliyar 2022 ba.

Na gane akwai bambanci tsakaninmu da Jamusawa. Su hayaƙin arziki ne ya kashe musu daji, mu kuwa babu ce take sa mu sara. Saboda haka wakilin da zai tsaya wa itatuwanmu, in ya tsaya a kan kama masu gatari kawai, bai yi kome ba, sai ƙara wa talaka wuya. Sai ya tambayi abin da ya sa manomi kamar Baba ba shi da abin sayarwa ran biyan kuɗin makaranta sai ɗorawar gado, da abin da ya sa matan birni ba su da abin girki mai araha sai gawayi. Waɗannan tambayoyi ne na kasafin kuɗi da na doka, a majalisa ake amsa su. Majalisar Wakilai tana da kujera 360, Gwaram tana da guda, Birnin Kudu da Buji suna da guda. Tun 2018 aka rage shekarun tsayawa takararta daga 30 zuwa 25. Watau waɗanda muke zaune a aji yau, nan da shekara kaɗan doka ta ba mu dama, maza da mata.

Darasi biyu na ɗauka daga rayuwar Petra Kelly. Na ɗaya, a kayar da mutum a ƙuri'a ba shi ne a kayar da maganarsa ba. Na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta iya tara jama'a a dandali, amma ba ta iya riƙe abokan aiki a kusa ba, wannan kuwa ya cuce ta. Duk wanda zai bi sawunta daga cikinmu, ya ɗauki ƙarfin halinta, ya kuma riƙe mutanensa.

Roƙona ga iyayenmu shi ne, idan masu neman ƙuri'a suka zo ƙofar gida, bayan zancen taki da titi da rijiya, a tambaye su abin da suka tanada wa daji. In sun ji tambayar a Fagam, sun ji ta a Gwaram, sun ji ta a Birnin Kudu, dole su nemo amsa. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, malaminmu ya ba mu labarin manoman ƙasar Maraɗi, waɗanda tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture in suna sassabe, suna barin tofo biyu ko uku masu ƙarfi su girma, har gonakinsu suka sāke cika da itatuwa ba tare da dashe ba. Da na je gida hutun damina na iske kututturen ɗorawarmu ya yi tofo. Na gaya wa Baba abin da na koya, ya yi shiru, washegari ya saro ƙaya muka kewaye shi saboda awaki. Ban sani ba ko zan ci daddawarta, amma ƙannena za su duba ta kafin in komo.